Babi na Bakwai: Iccen da Aka Gani a Hoto

"Malam, wannan zai yi a Tawa?"

Tun da wayar hannu ta shiga kowane gida, babu tambayar da ake yi mini kamar wannan. Mutumin Adar da tafiya aka san shi. Da wuya ka sami gida a Tawa, ko Barmu, ko Kalfu, wanda ba shi da wani a Abijan, ko Libiya, ko can Turai, kuma duk abin da idon matafiyi ya gani ya burge shi yana so a gan shi a gida. Bara wani Alhaji da ya gama ginin gidansa na siminti ya miƙo mini waya, ya nuna mini hotuna biyu da ƙanensa ya turo daga Beljiyam. A na farko wani ɗan icce ne mai yawan rassa, ganyensa tsanwa, kowane ganye an zagaye bakinsa da fari kamar aikin wuyan riga. A na biyu iccen nan ne dai, ganye ya zube ƙaf, rassan sun yi ja wur suna tsaye cikin dusar ƙanƙara. Ya ce, "Ko nawa ne, a sako shi cikin jaka a kawo mini."

Na ce, "Alhaji, riƙe kuɗinka, wannan ba zai kai azumi biyu a gidanka ba." Bai ji daɗin amsar ba, kuma yana da gaskiya, don "a'a" kaɗai ba ta ƙawata tsakar gida. Abin da na bi na yi masa bayani a ranar shi ne wannan babi.

Ɗan ina ne?

Turawan Ingila suna ce wa iccen dogwood, Faransawa cornouiller, masana tsirrai kuma Cornus alba. Asalinsa Sibiriya ne da arewacin Sin da Koriya, inda yake fitowa a bakin rafi da wurare masu damshi, tsawonsa ya kai mita biyu zuwa uku. Mai farin gefen da aka gani a hoto, masu lambu ne suka ware shi suka yi ta yaɗawa, kuma wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Elegantissima. Jan nan na rassa a jikin sabon reshe ya fi fitowa, shi ya sa Turawa ke sare shi kusan daidai ƙasa idan sanyi ya wuce, don ya sake tofo sabbi.

To, icce ne da aka halitta shi da barci. Sai ya yi makonni cikin sanyin da bai haura digiri 7 ba, sa'an nan idanunsa su farka da kyau su tofo. Mu a nan, daren Janairu da muke shiga bargo muna hura wuta, awon zafi yawanci yana kusa da digiri 15 ne. Abin da muke kira hunturu, a wurinsa lokacin ɗumi ne. Bai yi barci ba, ga bazara ta iso: Afrilu da Mayu, rana ta wuce digiri 40, iska ta bushe ƙayau, ganyensa kuwa siriri ne. Ƙasar da yake so ita ce wadda ba ta bushewa, alhali ruwan da Tawa ke samu a yawancin shekaru yana tsakanin milimita 300 da 400, kusan dukkansa cikin wata uku. Ruwa kana iya sayensa wajen ƴan garuwa, inuwa kana iya kafa rumfa. Sanyin Sibiriya fa, a wace kasuwa?

Wani zai ce ai dogon yaro ma baƙo ne. Haka ne. Daga Indiya aka kawo shi, amma daga ƙasar da ta san dogon rani kamar tamu. Shi ya sa da ƙungiyar CARE ta fara jera shi layi-layi a kwarin Majiya, wajen Buza, a 1975, don tare iska, ya zauna daram kamar ɗan gari. Baƙunta ba laifi ba ce ga icce. Abin tambaya kullum shi ne: garinsu yaya yake? Ni kaina sai da na biya kuɗin makaranta kafin na koyi wannan. Na taɓa sayo kuroton, mai ganyen nan ja da rawaya da ake gani a gidajen Abijan da Kwatano, wajen wani mai sayar da shuke-shuke a bakin titi a Yamai. Ya rantse mini ko'ina yana yi. Damina ta yi masa daɗi, kaka ya daure, hunturu na busowa ganye ya fara zuba ɗaya-ɗaya, kafin Maris sai sanda. Kuroton ɗan tsibiran Asiya ne masu laima, an kai raƙumi bakin teku ne aka juya labarin.

Farin ganye cima-zaune ne

Kafin mu nemi madadi, ya kamata a san abin da ke sa ganye ya yi fari, domin duk kulawar da za a yi wa irin waɗannan shuke-shuke daga nan ta taso.

Tsanwan da ke jikin ganye shi ne murhun icce. Da shi yake kama hasken rana ya haɗa da ruwa da iska ya dafa abincinsa. Inda ganye ya yi fari ko rawaya, wannan sinadari babu shi ko ya yi ƙaranci, wato wurin ba ya girki, sai dai a ɗebo daga ɓangaren tsanwa a ciyar da shi. Ka ɗauka gida ne mai mutum goma, shida ke zuwa gona, huɗu suna zaune cikin fararen kaya. Gidan zai yi kyan gani, amma rumbunsa ba zai kai na maƙwabci ba. Manomi ya san ƙarshen abin in ya yi yawa: jefi-jefi akan ga tsiron dawa ko masara ya fito fari fat, ya yi ƴan kwanaki yana cin guzurin ƙwayarsa, guzuri na ƙarewa ya mutu.

Don haka mai roɗi-roɗin ganye ya fi ɗan'uwansa tsanwa jinkirin girma, ya fi shi saurin jin ƙishirwa, kuma farin gefen ne rana ke fara ƙonawa ya koma ruwan ƙasa kamar takardar da aka kusantar da fitila. In kuma ka tausaya masa ka kai shi cikin inuwa mai duhu, sai ya rame, launin ya dusashe. Yana son haske da yawa, ba ya son dukan rana. A garin da ranar azahar ke narka kwalta, daidaita waɗannan biyu shi ne rabin aikin.

Abin da ido ke nema

Na tambayi Alhaji me ya gani a hoton da ya tafi da hankalinsa. Ya ce farin ganyen, da kuma jan nan da ya fito lokacin da komai ya mutu. Bature ma abin da yake nema ke nan: haske cikin lambu lokacin ganye, launi kuma lokacin da gari ya yi fayau. Mu namu lokacin mutuwar rani ne, kuma muna da masu yin wannan aiki.

Na farko bugambiliye, mai furen nan kamar takarda da ke leƙowa ta kan katangun ma'aikatu da manyan gidaje. Ƴar Kudancin Amurka ce. Sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, Bougainville, aka sa mata, bayan da ayarinsa ya yada zango a Riyo ta Barazil a 1767. Abin da muke kira furenta ganye ne mai launi, ainihin furen ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. Akwai irinta mai farin gefen ganye ko ruwan madara, kuma idan ta haɗa farin ganyen da jan fure, hoton Beljiyam ba ya nuna mata komai. Halinta ya dace da mu: in ta kafu, ƙarancin ruwa ne ma ke sa ta fure. Sai dai mai farin gefen ba ta kai ƴar'uwarta tsanwa juriya ba, ita ce za a lallaɓa.

Na biyu moda. Iyayenmu sun san ta da zaren igiya da tsirkiyar baka, ba su ɗauke ta kayan ado ba. Ƴar Afirka ce, kuma irinta mai rawayan gefe an same ta ne kusa da Kisangani ta Kwango a farkon ƙarni na 20, aka sa mata sunan wani masani ɗan Beljiyam, Émile Laurent. Ga wanda ba shi da lokaci, ko matar da ruwan gidanta na saye ne, ban san abin da ya fi ta ba. Tana zama a baranda, tana zama a gindin icce, a manta da ita mako biyu ba ta yi fushi ba. Yawan ruwa ne kawai ke kashe ta.

Na uku, wadda na fi so, kariya. Ƴar Sahel ce gaba da baya, gindi ƙato kamar tulu inda take ajiye ruwa, rassa gajeru masu kauri. Cikin rani, ganye ya zube, ƙasa ta yi fari, sai ka ga fure ja-ja mai fari a tsakiya ya ɓarke a kan rassa tsirara. Wannan shi ne jan reshe cikin ƙanƙara irin namu. Turawa suna kiranta furen hamada, suna saye a ƴan tukwane da tsada, masu lambu a Tailan da Taiwan kuma sun fitar da irinta kala-kala. Na ce wa Alhaji, ƙanenka na can yana wuce kariya a shagon furanni yana duba farashi, kai kana nan kana neman a kawo maka iccen Sibiriya. Abu guda ne ba wasa a kansa: ruwan jikinta dafi ne, mafarauta sun daɗe suna shafa shi a kibiya. A ajiye ta inda yaro mai rarrafe ba ya kaiwa, wanda ya yanke ta kuma ya wanke hannu kafin ya taɓa ido ko abinci.

Gindin wace katanga?

Tsaya a tsakar gida ka fuskanci alƙibla. Katangar da ke bayanka, gindinta ne gurbin mai farin ganye. Zai sha ranar safe har zuwa hantsi da ɗan abin da ya biyo, rana na karkatawa katangar ta rufe shi da inuwa. Katangar da ke gabanka kuwa ita ke shan ranar la'asar, in ta siminti ce ta riƙe zafin har bayan isha'i tana huro shi kamar tanda. Can kariya za ta iya, bugambiliye tsanwa ma za ta iya, mai farin gefe ba za ta iya ba. Ka bar kamar taku ɗaya tsakanin rami da katanga, musamman in ta laka ce, don damshi da gara.

Kada ka dasa dab da gindin dogon yaro. Inuwarsa ta yi kauri, saiwarsa kuma duk inda ta ji ruwa sai ta je.

Rami da ruwa

A nan Ba'adare ba ya bukatar malami daga waje. A 1989 wasu manoman yankin Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake gyara ramin shuka, suka dawo suka inganta tassa, har fakon da aka yafe a wajen Badagishiri ya koma ba da hatsi. A Kaita kuma, tun daga 1984, mata da maza sun haƙa ramuka a jikin duwatsu sun dasa miliyoyin itatuwa. Dabarar guda ce: ka haƙa wa ruwa wurin zama, ka sa masa taki, kada ka bar shi ya gudu. Abin da ya rayar da fako zai rayar da fure.

Ramin shukar ado ya fi na gero girma. Ka yi shi kamu biyu zuwa uku faɗi, zurfi ma haka, in ka ci karo da marmara ka fasa ta, in ba haka ba ramin zai zama kwano, ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. Ƙasar da ka fitar ka gauraya ta da takin awaki ko na shanu wanda ya kwana biyu ya ruɓe ya yi baƙi, kashi ɗaya taki, kashi uku ƙasa. Ɗanyen taki wuta ne. Idan ka mayar, kada ka cika ramin ya yi daidai da ƙasa, bar shi ya ɗan faɗa kamar faranti. Bugambiliye ba ta son a taɓa mata saiwa: yanka ledar da reza, ka sa ta da ƙasarta gaba ɗaya, kada ka girgiza.

Lokacin dasawa damina ce, idan ruwa ya zauna. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar, kuma a daidai lokacin ne masu rainon itatuwa ke da kaya, ƙasa ta jiƙe, sama da gajimare. Wanda ya dasa a Afrilu don gidan ya yi kyau ranar tarewa, ya sayi itacen girki da tsada.

Shayarwa kuma, gara ka ba da ruwa mai yawa jefi-jefi da ka riƙa yayyafi kullum. Yayyafi saman ƙasa yake jiƙawa, saiwa ta taso sama tana jira, ranar da ka yi tafiya rana ta gasa ta. A bazarar farko, rabin jarka duk bayan kwana biyu, da yamma, ya ishi ƙaramar bugambiliye. Idan ta shekara sai a rage. Wanda ke son ya huta, ya binne tulun laka har wuya a gefen shukar, ya riƙa cika shi yana rufe baki saboda sauro. Yadda randa ke tsattsafo da ruwa ta sanyaya shi, haka tulun zai riƙa tsattsafa wa saiwa a hankali, ba abin da rana ta sha. Ruwan alwala ma kada ya tafi banza. Na san gidan da aka dasa bugambiliye a gefen dutsen alwala, buta biyar a yini ita ce duk abincinta, ta hau katanga ta leƙa titi. Ruwan wanki mai omo ne ba a so, gishirinsa yana taruwa ya kashe ƙasa.

Kan ramin a rufe shi da ƙaiƙayi ko karan gero da aka sassara, amma kada ya taɓa jikin shukar. Gara za ta zo, kuma a gona ita ce ke huda ƙasa ruwa ya shiga, sai dai a gida a riƙa dubawa. Cikin hunturu, idan ƙura ta lulluɓe ganye, a watsa masa ruwa da yamma sau ɗaya a mako, murhun da toka ta rufe ba ya ci.

Kariya da moda tukunya ta fi musu, kuma tsohuwar randa da ta tsage ta fi kowace roba, don baƙar roba da gwangwani suna dafa saiwa. A huda gindin, a zuba tsakuwa, a sa ƙasa mai yashi. Cikin sanyi a ɗaga wa kariya ƙafa da ruwa, a watan Agusta kuma a duba kada ruwa ya kwanta mata. In ka matsa gindinta ka ji ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen kankana, ka makara.

Takin zamani kaɗan ya isa. Ɗan cokali na 15-15-15 a farkon damina, nesa da gindi. Wanda ya ɗura wa bugambiliye yuriya zai sami ganye kamar zai yi miya, fure kuwa sai a gidan maƙwabci.

Reshen da ya koma gidan ubansa

Wata rana za ka ga wani reshe ya fito daga jikin mai farin gefen, tsanwa shar, ganye manya, yana tsawo kamar ana jan sa. Za ka yi murna ka ce shukar ta ji daɗi. A ranar za ka ɗauko almakashi.

Dalili shi ne, roɗi-roɗin nan tun asali a reshe guda ya ɓullo, wani mai lambu ya lura ya yanka ya dasa, daga nan aka yi ta yankawa ana dasawa. A kan kowane tofo, ƙwayoyin halitta iri biyu ne ke zaune tare, masu tsanwa da marasa shi. Wani lokaci masu tsanwan su kaɗai ke kama reshe, ya koma kamar kakansa. Shi kuwa duk mutanen gidansa manoma ne, ba cima-zaune, don haka ya fi sauran ƙarfi, in ka bar shi shekara guda zai rufe su ya shanye musu ruwa, ka wayi gari da bugambiliye irin ta kowa. A yanke shi daga inda ya tsiro, kada a bar kututture. Reshen da ya fito fari fat shi ma a cire, ci kawai yake yi.

Wannan ne kuma ya sa ba a neman irin waɗannan shuke-shuke ta ƙwaya. Da reshe ake yaɗa su, yadda ake dasa rogo ko aguwa. Ga bugambiliye, a yanki reshe mai kaurin fensir, tsawon kamu ɗaya, wanda ganyensa ke da launin da ake so, a cire ganyen ƙasa, a soka cikin leda mai yashi, a ajiye a inuwa cikin damina. Wata ɗaya zuwa biyu zai yi saiwa, kuma ba duka ke kamawa ba, don haka a soka goma. Moda tana da nata wayon: in ka yanka ganyen mai rawayan gefe ka soka, zai kama, amma ɗan da zai fito ba shi da rawayan. Sai dai ka tono ta ka raba ƴaƴan da suka tsiro a gindi, kowanne da saiwarsa. Reshen kariya kuma a bar shi kwana uku ko huɗu a inuwa bakin ya bushe kafin a dasa. Mai son ƙaton gindin nan, ƙwaya zai shuka, don na reshe ba ya cika yin tulu.

Ƙwari ba su da yawa a kan waɗannan. In darɓa ta kama sabon tofo, ko ka ga wani farin abu kamar kaɗa a hammatar ganye, a daka ƴaƴan dogon yaro a jiƙa su kwana, a tace a fesa da yamma.

Mai ƙafa huɗu

Alhaji ya bi shawara. Ya dasa bugambiliye biyu masu farin gefe a gindin katangar yamma, ya jera moda a baranda, kariya kuma aka ɗora ta kan dakali. Hunturu ya wuce, bazara ta wuce, ba wadda ta mutu. Ranar wata Juma'a yara suka fita suka bar ƙyaure a buɗe, akuyar maƙwabta ta shigo, kafin a sauko daga masallaci ta yi wa ɗaya daga cikin bugambiliyen aski, ƙayar ma ba ta hana ta ba. Ta sake tofowa, amma sai da ta ɗauki wata uku.

A Adar, abin da rana ta bari akuya ke ƙarasawa, kuma ba kowa ke da katangar siminti ba. Babi na gaba a kan shinge mai rai yake: lalle, da aguwa, da sauran itatuwan da ake jerawa su tsare gida da lambu, wanne ke saurin haɗewa, wanne dabba ke ci, wanne kuma bai kamata a kusantar da ɗakin yara ba. Kafin ka buɗe shi, tashi ka duba ko ƙyauren gidanka yana rufuwa.